Barci ɓarawo ne har a sararin samaniya: yadda matuƙan jirgi ke runtsawa muna ciki

Ƴan kasuwarmu maza da mata suna keta sararin sama dare da rana, daga Yamai zuwa Jidda, Dubai, Istambul da Gwanzu. Da an rage fitilu kowa sai ya ja bargo, ya bar amanar ranshi da jarinshi a hannun mutum biyu da ke zaune can gaba, bayan ƙofa a kulle. To su waɗannan mutum biyu, yaushe suke yin nasu barcin?

Duk wanda ya taɓa zuwa saro kaya ƙasar Sin ya san yadda tafiyar take. Ka tashi daga filin jirgin sama na Diori Hamani, ka yada zango a Adis Ababa, sannan ka shiga wani jirgin da zai kwana yana gudu, awa goma ko fiye, kafin ya dire ka a Gwanzu. Bayan an ci abinci an kwashe kwanoni, sai jirgi ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin inji. Alhaji ya ja hula ya rufe ido, Hajiya ta gyara mayafi ta rungume jakar da kuɗin sari ke ciki. A daidai wannan lokaci akwai tambayar da ba kowa ke son yi wa kanshi ba: shi mai tuƙa wannan jirgi, idonshi biyu kuwa?

Amsar ita ce, sau da yawa ɗaya daga cikin matuƙan barci yake yi, kuma da sanin kamfani da hukuma. Kada gaban mai karatu ya faɗi. Barcin matuƙi iri biyu ne. Akwai wanda aka shirya, aka ƙayyade mashi minti, aka sa mai tsaro. Akwai kuma wanda ke zuwa da sata, ba sallama. Na farko magani ne, kuma saboda na biyun aka ƙirƙiro shi.

Jirgin da ya wuce tasharshi

Ranar 15 ga watan Ogusta 2022, wani jirgin kamfanin Ethiopian Airlines samfurin Boeing 737 ya taso daga Khartum cikin dare zai je Adis Ababa, tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba. Da lokacin fara gangarowa ya yi, jirgin bai rage tsawo ba, ya ci gaba da tafiya a sama da mita dubu 11. Masu kula da zirga-zirgar jirage daga ƙasa suka yi ta kira ta rediyo, shiru. Jirgin ya zo ya bi ta saman filin da ya kamata ya sauka, ya wuce. Kamar yadda kafofin da ke bin labaran jirage suka bayyana, matuƙan biyu duk barci ne ya kwashe su, sai ƙarar da na'urar tuƙi ta yi lokacin da ta saki jirgin ce ta tashe su. Suka juyo, suka sauka lafiya bayan kamar minti 25. Kamfanin ya ba da sanarwar dakatar da su har a gama bincike.

Labarin ya shafe mu, tunda Adis Ababa mashiga ce ta matafiyanmu. Amma kada a ɗauka matsalar ta kamfani guda ce, ko ta Afirka. A watan Fabrairu 2008, a tsibiran Hawai na Amurka, matuƙa biyu sun yi barci da rana tsaka, jirginsu ya wuce garin Hilo da fiye da kilomita 40 kafin su farka. Daga baya likitoci suka gano babban matuƙin yana da ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci, wanda ke hana mutum samun hutu ko da ya kwana a gado. A shekara ta 2013, sandikar matuƙan jirgi ta Ingila ta sa aka tambayi matuƙa 500. Kashi 56 cikin 100 suka amsa cewa barci ya taɓa ɗaukar su a kan kujerar tuƙi, kuma daga cikin waɗannan, kusan mutum ɗaya cikin uku ya ce da ya farka ya tarar abokin aikinshi ma barci yake. A shekara ta 2025 sandikar matuƙan Jamus ta tambayi mambobinta fiye da 900, kashi 93 cikin 100 suka ce sun runtsa a cikin jirgi a ƴan watannin da suka gabata.

Me ke gajiyar da wanda ke zaune?

Ɗan dako da ya wuni yana sauke buhunan shinkafa a kasuwa zai iya cewa: mutumin da ke zaune cikin sanyi, ana kawo mashi abinci da kofi, wace gajiya ce tashi? Tambayar tana kan hanya. Sai dai gajiyar matuƙi a ƙwaƙwalwa take, kuma abubuwa uku ne manyan masu kawo ta.

Na farko shi ne agogon jiki. Kowane ɗan Adam yana da agogo a cikin kanshi da ke bin fitowar rana da faɗuwarta. Tsakanin ƙarfe 2 na dare da ƙarfe 6 na safe zafin jiki yana raguwa, hankali yana yin nauyi, ko mutum ya so ko ya ƙi. Mu ma'aikatan rediyo mun san wannan lokaci: wanda ya taɓa riƙe shirin tsakar dare ya san yadda takarda ke gabanka, kana karantawa, sai ka ga ka tsallake layi ba ka sani ba. Akwai kuma wani ƙaramin nauyin da ke zuwa bayan azahar. To galibin dogayen tafiye-tafiyen jirgi cikin dare ake yin su, domin fasinja su isa da safe, kuma jirgi ba ya kawo kuɗi idan yana ajiye.

Na biyu shi ne bambancin lokaci. Tsakanin Nijar da Saudiyya awa 2 ne, da Dubai awa 3, da Gwanzu awa 7. Ɗan kasuwar da ya sauka ƙasar Sin ya san yadda yake kwana uku ko huɗu idonshi biyu da dare, da rana kuma yana hamma a gaban mai shago. Shi yana yin haka sau biyu ko uku a shekara. Matuƙi kuwa sana'arshi ke nan: kafin jikinshi ya saba da agogon can, an juyo da shi gida, kafin ya saba da na gida, an tura shi wata nahiyar.

Na uku shi ne bashin barci. Babban mutum yana bukatar wajen awa 8 a kowane dare. Idan yau ka yi biyar, gobe ka yi biyar, jibi ka yi shida, bashi ne ke taruwa, kuma jiki ba ya yafe bashi. A shekara ta 1997 masu bincike a ƙasar Ostireliya sun nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin hankalinshi da na hannunshi yana komawa kamar na wanda ke da giya a jininshi daidai adadin da ƙasashe irin su Faransa ke hana tuƙin mota da shi. Idan ya kai awa 24, abin ya ninka. Ma'ana, mutum bai taɓa kusantar kwalba ba, amma rashin barci ya mayar da shi kamar mashayi.

A ƙara da yanayin ɗakin tuƙi: duhu, busasshiyar iska, ƙugin inji iri ɗaya, ga na'ura ta karɓi tuƙin, aikin matuƙi ya koma sa ido a kan allo na awa da awanni. Abin da likitocin barci suka fi tsoro shi ne gyangyaɗin ƙiftawa da bismilla, wanda ke ɗaukar mutum na ƴan daƙiƙoƙi, wani lokaci ma ido a buɗe, kuma idan ka tambaye shi zai rantse bai yi barci ba. Jirgin da ke saukowa yana cin wajen mita 70 a kowace daƙiƙa.

Masu gado a cikin jirgi

A tafiya mai nisa sosai, maganin abin a fili yake: a ƙara hannu. Idan tafiya ta zarce abin da doka ta yarda mutum biyu su yi, kamfani yana sa matuƙa uku, idan ta fi haka nisa ya sa huɗu. Dukansu suna ɗakin tuƙi lokacin tashi da lokacin sauka, a tsakiyar tafiya kuma sai su raba dare kamar masu gadin kasuwa: wasu na tuƙi, wasu na kwance. Manyan jirage irin su Boeing 777 da 787 da Airbus A350 suna da wani ɗan ɗaki a ɓoye, galibi a saman kawunan fasinjan gaba, mai gadaje da labule, inda matuƙi ke miƙewa ya yi barci na gaske. Tafiyar Singafo zuwa Niyok, wadda ke cin awa 18 ko fiye, matuƙa huɗu ne ke yin ta.

Saboda haka, Hajiya, idan kika ga wani mai farar riga da igiyoyi a kafaɗa ya fito daga gaba tsakar dare yana miƙa, kada ki ce an bar jirgi ba kowa. Lokacin hutunshi ne ya yi, akwai biyu a kan kujera.

Matsalar ta fi yawa a tafiye-tafiyen da ba su kai a ƙara matuƙi ba, amma suna cinye dare: awa biyar, shida, bakwai, irin tsawon tafiyarmu zuwa Jidda ko Istambul, ko kuma gajerun tafiye-tafiye da ake jerawa, a je a dawo a sake komawa. Mutum biyu ne kawai, babu gado, babu mai canji. A nan ne maganar runtsawa a kan kujera ta taso.

Ƙailular kan kujera

Iyayenmu mata na kasuwa sun riga masana sanin wannan dabara. Idan rana ta take, ciniki ya ja baya, kika ji ido yana lumshewa, me kike yi? Kina ce wa maƙwabciyar rumfa ta sa miki ido a kan kaya, ki faɗa mata wanda zai zo karɓar saƙo da kuɗin da ya rage, ki kishingiɗa kaɗan, ta tashe ki kafin la'asar. Ba ku taɓa kwantawa ku biyu lokaci guda. Wadda kuwa ta ce ita jaruma ce ba ta barci, ita ce ake samu tana gyangyaɗi a zaune, yaro ya zare turmin atamfa ya wuce.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada wannan a kan matuƙa, ta fitar da sakamako a shekara ta 1994. An bi matuƙa 21 masu tuƙa Boeing 747 a kan tekun Pasifik, an liƙa masu na'urori a kai masu auna aikin ƙwaƙwalwa. An raba su gida biyu. Kashi ɗaya an ba su damar kwantar da kai na minti 40 a kan kujera, ɗaya bayan ɗaya; ɗaya kashin an ce su yi aiki yadda suka saba. Waɗanda aka ba dama, cikin minti shida barci ke ɗaukar su, abin da ke nuna irin gajiyar da suke ɗauke da ita, kuma sukan yi barcin wajen minti 26. A cikin minti 90 na ƙarshen tafiya, na'urorin sun kama alamun gyangyaɗi sau 120 a wajen waɗanda ba su huta ba, 22 daga ciki a lokacin gangarowa da sauka. Waɗanda suka yi ƙailula sau 34 kawai aka kama, kuma babu ko ɗaya lokacin sauka.

Daga nan ƙasashe da dama suka halatta abin, suka gindaya mashi sharuɗɗa. A tsarin ƙasashen Turai, ana yin shi ne a tsakiyar tafiya kawai, lokacin da jirgi ya daidaita kuma aiki ya yi sauƙi. Mutum ɗaya ne ke hutawa, ɗayan ba ya barin kujerarshi. Kafin ya rufe ido sai sun yi magana a kan halin da jirgi ke ciki da lokacin da za a tashe shi. Hutun ba ya wuce minti 45, domin barcin kanshi ya tsaya wajen minti 30. Idan ya farka ana ba shi minti 20 ya wartsake kafin a bar mashi jirgi shi kaɗai. Dole a gama komai aƙalla minti 30 kafin fara gangarowa. Ana kuma sanar da masu hidimar fasinja, su riƙa kira ko leƙawa lokaci-lokaci, don tabbatar da cewa mai tsaron bai bi sahu ba. Kanada da Ostireliya da Indiya ma suna da irin wannan tsari. Abin mamaki, Amurka da aka yi binciken a cikinta, har yau hukumarta ba ta yarda matuƙin jirgin fasinja ya runtsa a kan kujerar tuƙi ba.

Magagin barci

Me ya sa aka tsaya a kan minti 45? Saboda magagi. Barci hawa-hawa ne: farkonshi sama-sama, bayan kamar rabin awa sai mutum ya nutsa. Wanda aka tasa daga barci mai nauyi yakan yi minti da yawa bai san gabas da yamma ba, kamar yaron da aka tasa sahur yana neman ƙofa a jikin bango.

A watan Janairu 2011, wani jirgin Air Canada ya taso daga Toronto zuwa Zurik ta ƙasar Suwis. A tsakiyar tekun Atlantika mataimakin matuƙi ya nemi hutawa, aka bar shi ya yi minti 75, alhali ƙa'idar kamfanin minti 40 ce. Yana farkawa aka shaida mashi akwai wani jirgin sojan Amurka da ke tahowa ta gabansu. Da farko ya hango tauraron nan mai haske da muke kira Gamzaki, ya ɗauka shi ne jirgin. Da ya ga jirgin na gaske, wanda ke ƙasa da su, cikin magagi sai ya ga kamar daga sama yake faɗowa kansu, ya danna kan jirginsu ƙasa da ƙarfi. Kafin babban matuƙi ya karɓe, sun faɗa wajen mita 120. Fasinja 14 da ma'aikata 2 suka ji rauni, kuma fasinjan da suka ji raunin ba su ɗaura maɗaurin kujera ba.

Wanda ya fi muni ya faru ranar 22 ga watan Mayu 2010. Jirgin Air India Express ya taso daga Dubai tsakar dare zuwa garin Mangalor na Indiya, ɗauke da mutum 166, galibinsu ƴan ci-rani masu komawa gida. Na'urar da ke naɗar maganar matuƙa, wadda ake kira baƙin akwati, ta naɗi numfashin barci da minsharin babban matuƙin na fiye da awa ɗaya da rabi. Ya farka gab da sauka. Jirgin ya zo da tsawo fiye da kima, mataimaki ya ce sau uku a fasa a sake zagayowa, bai saurara ba. Ya dira bayan ya riga ya wuce fiye da rabin titin, titin kuwa a kan tudu yake, ƙarshenshi kwazazzabo. Mutum 158 suka rasu, 8 suka tsira. Masu bincike sun sa magagin barci cikin abubuwan da suka gurɓata hukuncin matuƙin.

Idan mai tsaro ya bi sahu

Haɗari na biyu shi ne mai gadi ya yi barci. Ranar 25 ga watan Janairu 2024, a ƙasar Indunusiya, jirgin Batik Air ya taso daga Kendari zuwa Jakarta da fasinja 153. Babban matuƙi ya nemi izinin abokinshi ya kwantar da kai. Can ya farka ya tambayi mataimakin ko yana son su canza, ya ce a'a, shi kuma ya koma barci. Ba a jima ba mataimakin ma ya tafi. Minti 28 ana kira daga ƙasa babu amsa, jirgin ya kauce daga hanyarshi, har Allah ya sa babban ya farka ya gyara, suka sauka lafiya. Bincike ya nuna mataimakin yana da tagwaye ƴan wata ɗaya a gida, yana tashi cikin dare yana taya matarshi reno, ga shi kuma sun yi ƙaura zuwa sabon gida a daidai waɗannan kwanaki. Kamfani ya ba shi awannin hutu a takarda, amma barcin bai samu ba.

Duk uwar da ta yi goyo ta san abin da ake nufi. Kuma a nan ne gizo ke saƙa: matuƙi yana da haƙƙi, kai wajibi ne a kanshi, ya ce ya gaji ba zai iya tashi ba. Sai dai faɗin hakan yana bukatar kamfanin da ba zai ɗauke shi malalaci ba, ko ya zaftare mashi albashi. Inda ake hukunta mai faɗin gaskiya, kowa sai ya yi shiru ya hau kujera.

Abin da doka ta tanada

Hukumar jiragen sama ta duniya, OACI, mai cibiya a Montreal, ta wajabta wa kowace ƙasa ta ƙayyade awannin aiki da na hutun matuƙa; a nan Nijar hukumar ANAC ce ke da alhakin sa ido a kan harkar. A Turai, matuƙa biyu ba sa wuce awa 13 a bakin aiki a rana, kuma ana rage wannan idan aikin ya faɗa cikin dare. Ba a yarda mutum ya tuƙa fiye da awa 100 cikin kwana 28 ba, ko fiye da awa 900 daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Idan yana gida, hutunshi kafin ya koma aiki ba ya kasa awa 12.

Amurka ta tsaurara tata dokar ne bayan haɗarin da ya faru kusa da garin Bafalo ranar 12 ga watan Fabrairu 2009, inda mutum 50 suka rasu. An gano mataimakiyar matuƙin ta kwana tana tafiya daga wancan ƙarshen ƙasar don ta zo ta kama aiki. Iyalan mamatan suka tsaya kai da fata, har aka kafa sabuwar doka da ta fara aiki a 2014: hutun awa 10 kafin aiki, a ciki da damar barcin awa 8 ba yankewa.

Duk da haka sandikokin matuƙa suna kokawa cewa wasu kamfanoni sun mayar da iyakar doka ta zama abin da ake cikawa kullum, kuma ƙailular da aka tanada don gajiyar ba-zata ta koma abin dogaro na kowace tafiya. Ɗan kasuwa ya fi kowa fahimtar lissafin: ƙarin matuƙi ɗaya albashi ne, ɗakin otel ne, kwanan jirgi a ƙasa asara ce. Har ma masu ƙera jirage sun kawo shawarar a bar matuƙi ɗaya tak a kan kujera a tsakiyar tafiya, ɗayan ya je ya kwanta. A shekara ta 2025 binciken da hukumar kiyaye lafiyar jirage ta Turai ta sa aka yi ya nuna cewa, da kayan aikin da ake da su yanzu, ba a iya tabbatar da hakan ya kai tsarin mutum biyu aminci ba.

A ƙasa ma akwai masu kwana ido biyu. Jami'an ASECNA da ke Yamai suna magana da jiragen da ke ratsa Sahara cikin dare tsakanin Turai da kudancin Afirka, kuma a makarantar EAMAC da ke nan Yamai ake horar da irinsu daga ƙasashe da dama. Idan jirgi ya yi shiru, su ne na farko da ke ankara.

Namu rabon

Mai karatu zai ce, to ni da ke kujera ta talatin, me zan iya? Abu biyu. Na farko, maɗaurin kujera: ko barci za ka yi, ɗaura shi a saman bargo, ko da sako-sako. Mutanen jirgin Kanada shaida ne. Na biyu, haƙuri. Idan aka ce jirgi ya jinkirta saboda awannin matuƙa sun cika, sai an jira sun huta ko an kawo wasu, abin da ciwo, musamman ga wanda kayanshi ke jira ko mahajjacin da ya kwana biyu a filin jirgi. Amma wannan jinkirin, a cikin duk jinkirin da ake yi mana, shi ne wanda bai kamata mu yi wa hayaniya ba. Ya kamata kuma a sani, duk da waɗannan labarai, jirgin sama ya fi mota aminci nesa ba kusa ba, kuma dalilin ke nan: duk kuskuren da aka yi sai an tono shi, an rubuta, an gyara doka.

Wannan ya kawo mu gida. Mafi yawanmu ba kullum muke hawa jirgi ba, amma kullum muna kan hanya. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, a bi ta Dosso, Dogon Dutsi, Ƙwanni da Maraɗi. Direban bas ko na gingimarin da ya ɗauko kayanmu, agogon jikinshi ɗaya ne da na matuƙin jirgi, sai dai shi ba shi da na'urar da ke riƙe mashi sitiyari, ba mai kiranshi ta rediyo, kuma tsakaninshi da motar da ke tahowa taku biyu ne. Sau nawa mu da kanmu muke matsa mashi, mu ce Malam direba a taka, kada kasuwa ta ci ba mu? Sau nawa muke ganin ya faka zai runtsa mu hau gunaguni? Goro da shayi da kofi suna ɗaga barci zuwa wani ɗan lokaci, ba sa biyan bashinshi. Tramol da sauran ƙwayoyi kuwa ƙara rufe hankali suke, mutum yana jin ƙarfi alhali idonshi ya daina gani daidai.

Darasin da masu jirgi suka saya da rayuka, mu an ba mu shi kyauta. Idan direba ya fara hamma, yana murza ido, mota tana lasar gefen kwalta, a samu gari ko tasha mai tsaro a tsaya. A bar shi ya yi minti ashirin ko talatin, a tashe shi, ya wanke fuska ya zagaya mota, a ba shi ɗan lokaci magagi ya sake shi. Wanda ke zaune a gaba kusa da shi ya san cewa shi ne mataimakin matuƙi, ba wurin kwana aka ba shi ba. Masu motoci kuma su sa direba biyu a doguwar hanya, su bar na biyun ya kwanta da gaske. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Kasuwar da ta wuce ka yau za ta sake ci mako mai zuwa. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya sa albarka a nema.